Wai zane ne ke raba gem da gem, ko abin da yatsa ke yi?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar da ta haɗa 'yan Free Fire da 'yan PUBG ya san wannan musun, ba ya ƙarewa. Ɗan PUBG zai ce ai naku na yara ne, katun ne kawai, ku dubi kalolin kamar kayan sallar yara, shi kuma ɗan Free Fire ya ce to naku fa, in ba wayar manyan kuɗi ba minti biyar ta ɗau zafi kamar dutsen guga. Kwanaki wani ƙanena yake ce min shi fa sam ba ya buga "irin gem ɗin katun". Na ce wane iri kenan? Ya fara lissafo min, Fortnite, Genshin Impact, Mario, Minecraft. Gem huɗu da in ka cire kala mai haske babu abin da ya haɗa su, ɗaya harbi ne, ɗaya yawo da tara jarumai, ɗaya tsalle-tsalle, ɗaya haƙa da gini, amma a kansa duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Na so in yi masa dariya, sai da na zauna na yi tunani na ga maganar tasa ba duka ce shirme ba, kuma masu yin gem ɗin kansu sun shekara da shekaru suna wannan jayayya.

Bari mu fara daga gindin bishiya. Dara. Dattawa su tona ramuka a ƙasa, galibi 30, kowa da 'ya'ya 12, wannan ya riƙe tsinkaye wancan ya riƙe duwatsu, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasa. Gobe kafinta ya zo ya yi allon katako mai sheƙi, a sa murafen lemo a madadin duwatsu, har yanzu dara ce, babu wanda zai yi gardama. Amma a ramukan nan na ƙasa, da tsinkayen nan da duwatsun nan, ka ce daga yau tsallake ɗa ake yi a cinye shi kamar a diraf, to wallahi ta tashi daga dara ko da ido bai ga wani canji ba. Gwajin da nake yi wa kowane gem kenan: tuɓe masa riga ka sa masa wata, in abin da yatsunka ke yi da shawarar da kanka ke yankewa ba su canza ba, to nau'insa yana nan inda yake.

Kuma an sha yin gwajin nan a zahiri. Wajen 1996 zuwa 1997 wani kamfanin abincin karin kumallo a Amurka ya riƙa saka faifan gem kyauta a cikin kwalayensa, sunansa Chex Quest. Injin Doom ne aka ɗauka sukutum, Doom ɗin nan na 1993 mai aljanu da jini, aka cire aljanun aka sa wasu korayen halittu masu yauƙi, bindiga kuma aka ce ba kashewa take yi ba, mayar da su duniyarsu take yi. Yara suka buga iyaye ba su ce uffan ba. Amma gudun, lungunan, neman makulli, harbin, duk na Doom ne. Irin haka ta faru a China a 2019, kamfanin Tencent ya janye PUBG na waya ya kawo Game for Peace a madadinsa, aka cire jinin, wanda ka harbe sai ya ɗaga maka hannu alamar sai an jima ya ɓace. Har yanzu jirgi ne ke zubo ku, kowa ya nemi makami, da'ira tana matsewa, wanda ya rage shi ya ci. To ina nau'in ya tafi? Yana nan daram.

Haka Free Fire da PUBG ɗin da ake ta musu a kai. Dukansu 2017 suka fito, tsarinsu ɗaya, na kowa-ta-kansa har a bar mutum ɗaya ko tawaga ɗaya. Bambancin gaske da ke tsakaninsu ma ba a kala yake ba, Free Fire mutum 50 ake zubawa kuma wajen minti goma an tashi, PUBG mutum 100 a fili mafi girma kuma ya fi jan lokaci, sannan jaruman Free Fire kowa da baiwarsa ta daban. Waɗannan su ke canza yadda ake bugawa, amma ba su ake kawowa a majalisa ba, sai dai a ce katun.

Wanda ya tashi a shagon gem zai tuna Street Fighter II na 1991 da Mortal Kombat na 1992. Na farko zanen hannu ne, na biyu mutane na gaske aka ɗauka a kyamara aka mayar da su cikin gem, shi ya sa jininsa ya tayar da hankali har majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kai a 1993, a 1994 aka kafa hukumar ESRB mai sa wa gem shekarun masu bugawa. Zane ya jawo zaman majalisa guda, amma bai hana su zama nau'i ɗaya ba, mutum biyu, sandar rai a sama, zagaye biyu cikin uku. Cuphead na 2017 kuwa in ka gan shi za ka rantse katun ɗin shekarun 1930 ne na yara, da hannu aka zana shi a takarda, ka saya wa ƙaninka ya yi kuka kafin la'asar, don a ciki jikan Contra ne na 1987, gudu da harbi da mutuwa ba adadi. Kyan ɗan maciji kenan.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Rogue. Gem ne na 1980 da ba shi da zane ko kaɗan, haruffa ne kawai a allon kwamfuta, kai ne alamar @, dodanni kuma manyan baƙaƙe ne na boko, bango layi ne, ƙasa ɗigo-ɗigo. Gem ɗin da suka biyo sawunsa aka riƙa kiransu masu kama da Rogue, kuma shekaru da yawa kusan dukansu da haruffan nan suke fitowa, har mutane suka ɗauka haruffan su ne nau'in. A 2008 masu yin irin waɗannan gem suka yi taro a Berlin suka zauna suka rubuta abin da ke sa gem ya shiga gidan. A sahun manyan sharuɗɗa suka sa abubuwa kamar taswira ta riƙa sauyawa duk bugu, in ka mutu ka mutu sai daga farko, wasa bi da bi, tattalin kayan da ke hannunka. Haruffan fa? Sun saka su, amma a sahun ƙananan sharuɗɗa. Wato su kansu masu abin sun yarda cewa kamannin yana da ɗan nauyi amma ba shi ne ginshiƙi ba. Yau ga Hades na 2020 da zane kamar a rataye a bango, ana jingina shi da gidan nan saboda mutuwa da sake farawa, kuma masu tsattsauran ra'ayi da ke cewa bai cika ɗan gida ba hujjarsu ita ce ba bi da bi ake buga shi ba, ban ga mai kawo zanen a matsayin dalili ba. Dwarf Fortress ma tun 2006 da haruffa yake, sai a Disamba 2022 aka fito da shi a Steam, kasuwar sayar da gem ɗin kwamfuta ta intanet, da hotuna da sauƙin amfani da linzami, ya sayar da kusan rabin miliyan a wata ɗaya. Riga ta kawo kasuwa, gem ɗin kuwa shi ne dai.

Sai a juya gwajin ta baya, a bar rigar a canza dokar. Jerin Yakuza na kamfanin Sega shekaru da yawa dambe ne a titi, ka danna ka naushi mutum nan take. A 2020 suka fito da Yakuza: Like a Dragon, titunan Japan ne dai, mutane masu kama da na gaske, kwat da taba da komai, amma faɗan ya koma bi da bi, ka zaɓi umarni a jeri ka jira naka lokacin. In hoto ɗaya aka nuna maka ba za ka taɓa ganewa ba, amma minti biyu da fad, wato abin danna gem, a hannu ka san an sauya gida. Ko mu dawo kan ƙwallo da kowa ya sani, eFootball da Football Manager duk koren fili ne da 'yan wasa 22, amma a ɗaya kai ke buga fasin, a ɗaya kuma kai koci ne mai cinikin 'yan wasa da karanta alƙaluma, har ma za ka iya kallon wasan a matsayin ɗigo-ɗigo masu yawo a fili kuma babu abin da ya ragu.

To zuwa nan kamar magana ta ƙare, ƙanena ya faɗi. Amma akwai wuraren da gwajin nawa yake tangal-tangal, kuma su ne suka fi daɗin tattaunawa.

Na farko, mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, salon zane da kuma inda aka ajiye kyamara. Gem ɗin harbi da kake gani ta idon jarumi, irin Call of Duty, sunan nau'in nasa ma daga abin da ido ke gani aka samo shi. Wani zai ce ka ga ni, ashe gani yana yanke nau'i. E, amma kyamara doka ce a ɓoye. In ta idonka kake gani ba ka san wa ke bayanka ba, in kuma daga bayan kafaɗa ne kana iya laɓewa jikin bango ka leƙa kwana ba tare da an gan ka ba, duk ɗan PUBG ya san bambancin nan don yana canza yadda ake faɗa gaba ɗaya. Wannan ba fenti ba ne, yawan labarin da gem ke ba ka ne. Fenti shi ne ko bindigar ta yi kama da ta gaske kamar a Call of Duty ko ta yi kama da ta katun kamar a Team Fortress 2 na 2007. Borderlands ma ana tsakiyar yin sa aka watsar da kamannin gaske aka koma mai baƙin layi kamar littafin barkwanci kafin ya fito a 2009, harbi da kwasar makamai bai motsa ba.

Na biyu, akwai gem ɗin da zanen da dokar suka narke cikin juna har ba ka iya cewa ga inda wannan ya tsaya. Minecraft, ka canza masa fata yadda kake so, mutane suna saka masa haske da inuwa har ruwa ya yi kamar na gaske, yana nan Minecraft. Amma ka ce za ka cire bulo-bulon nan ka mayar da ƙasa mai santsi, to ka kashe shi, don bulon shi ne ma'aunin haƙa da gini da lissafin komai. A nan abin da ƙanena ke kira katun rabinsa fenti ne rabinsa doka. Okami na 2006 an zana shi kamar zanen tawada na gargajiyar Japan, kuma daga nan aka samo dabarar wasan, ka tsayar da komai ka ɗauki alƙalami ka zana da'ira a sama rana ta fito, ka ja layi ka sare abu. Zanen ya haifi doka. Duk da haka in aka tambaye ka wane iri ne, za ka ce ɗan gidan Zelda ne, yawo da warware matsala da faɗa. Ya ba shi fuska tasa shi kaɗai, bai buɗe masa sabon gida ba.

Na uku shi ne gem ɗin ban tsoro, kuma nan ne na fi sassautawa. Wannan nau'in sunansa alkawari ne na abin da zuciyarka za ta ji, ba bayanin abin da yatsa zai yi ba, don haka duhu da sauti da kamanni suna cikin kayan aikin. Silent Hill na 1999, hazon nan da ya rufe garin asalinsa dabara ce don PlayStation na farko ba ya iya nuna nesa, sai hazon ya zama shi ne tsoron, kana jin rediyo tana ƙara ka san wani abu na zuwa amma ba ka gan shi ba. Da aka sake fito da na biyu da na uku a 2012 da hoto mai tsabta aka taɓa hazon, masoya suka yi ca, suka ce an lalata abin. Ka sa wa Silent Hill rana tsaka da furanni, maɓallan ba su canza ba amma alkawarin ya karye. Sai dai ko a nan kar a ba zane duka ladan. Resident Evil na 1996 abin da ke sa gumi shi ne harsashi ƙidaye yake, aljihu ƙarami, kuma ko ajiye inda ka tsaya sai ka samo zaren tawada ka kai wa keken rubutu. Da aka zo na 5 a 2009 da na 6 a 2012 hoton ya ninka kyau, dodannin sun fi muni, amma harsashi ya yawaita, sai mutane suka ce wannan ai fim ɗin faɗa ne, shi ya sa a 2017 na 7 ya koma gida ɗaya mai duhu da ƙarancin kaya. Akwai kuma masu amfani da rigar don yaudara da gangan, Doki Doki Literature Club na 2017 ya shigo da kamannin labarin soyayyar 'yan makaranta mai launin hoda, can tsakiya ya juye ya zama abin da ba a bugawa da daddare. Yaudarar ba za ta yi aiki ba in da mutane ba sa karanta nau'i daga zane, wato dai ɗabi'ar ƙanena ce aka yi kasuwanci da ita.

Sai babban rikicin, JRPG, sunan da ake ba wani reshe na gem ɗin RPG, wato masu dogon labari da kake rainon jarumi yana ƙara ƙarfi. Harafin farko yana nufin Japan, to me ake nufi, inda aka yi shi, ko yadda aka zana shi, ko yadda ake buga shi? Dragon Quest ya fito a 1986, Yuji Horii ya tsara shi yana koyi da Wizardry da Ultima na Amurka, Akira Toriyama mai Dragon Ball ya yi zanen, Final Fantasy ya biyo a 1987. Tun daga nan abubuwa uku suka taho a ɗaure, 'yan Japan ne suka yi, zanen irin na anime ne, wato katun ɗin Japan, faɗan bi da bi ne da tawagar jarumai da labari miƙaƙƙe. Muddin ukun suna tare babu mai tambaya. Matsalar ta taso da suka fara rabuwa. Dark Souls na 2011 da Elden Ring na 2022 a Tokyo aka yi su, amma sulke da gidajen sarauta irin na tsohuwar Turai ne, faɗan kuma nan take, mutane da yawa ba sa kiransu JRPG, har sai da aka ƙirƙiro musu nasu gidan da sunan Souls. Genshin Impact na 2020 anime ne tun daga gashi har takalmi, amma a Shanghai aka yi shi kuma faɗansa ba bi da bi ba ne, ga shi dai za ka ji ana kiransa JRPG, kuma babu dalilin da ya wuce fuskar. Sea of Stars na 2023 kuwa faɗansa bi da bi ne irin na gidan, amma 'yan Kanada ne suka yi. Clair Obscur: Expedition 33 na 2025 Faransawa ne a Montpellier, mutanen ciki ba su yi kama da anime ba ko kaɗan, amma faɗansa bi da bi ne, duk wanda ya buga Final Fantasy X ya riƙe fad ɗin zai ji ya dawo gida. Shi kuma Final Fantasy XVI na 2023, ɗan asalin gidan, ya watsar da bi da bi ya koma sara da suka nan take. Naoki Yoshida da ya jagoranci aikin ma ya faɗa a wata hira a shekarar cewa lokacin da kalmar ta fara yawo, wasunsu a Japan sun ji ta kamar zolaya ce ake musu.

Ni a nawa ganin Clair Obscur ya fi Genshin cancantar sunan nesa ba kusa ba, kama da wane ba ta wane. Amma ba zan ce wanda ya kira Genshin haka ya yi ƙarya ba, don kalmar tun asali ba a gina ta a kan doka ɗaya ba, al'ada ce guda aka lanƙaya wa suna, kuma zane yana cikin al'adar.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne kasuwa. Tun 2014 Steam ya bar masu saye su riƙa liƙa wa gem lakabi, sai ka ga lakabin zanen fiksel, wato mai ɗigo-ɗigo irin na gem ɗin da, da na anime suna zaune a layi ɗaya da na harbi da na tsere, kamar duk abu ɗaya suke aunawa. A Play Store kuwa hoto huɗu da bidiyon daƙiƙa talatin ne ke sa ka sauke ko ka wuce, ga data tana tsada, babu mai sauke gem na giga biyu don ya gwada dokarsa, da ido ake yanke hukunci. Sannan akwai tarihi, yawancin kamannin da muke dangantawa da wani nau'i dole ce ta kawo su. Gashin bakin Mario da hularsa a Donkey Kong na 1981, fiksel ne suka yi kaɗan, zana baki da gashi mai motsi wahala ne, sai Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, ya rufe su. Yau mai yin gem yana zaɓar fiksel da gangan don ya ce maka ni irin na da ne, kai kuma ka fahimta tun kafin ka taɓa.

Ta nan ne abin yake ɗan ba ni haushi idan aka zo kan gem ɗin nahiyarmu. Aurion: Legacy of the Kori-Odan da Kiro'o Games suka yi a Yaoundé ta Kamaru ya fito a 2016, kuma kusan duk inda aka yi maganarsa sai dai a ce gem ɗin Afirka, a yi ta yabon tufafi da kitso da kala. To na ji, amma ya ake buga shi? Gem ne na labari da faɗa nan take ta gefe, kana haɗa duka kana tara ƙarfi, matarka Erine tana taimaka maka a faɗan. Wanda ke son irin wannan faɗan shi ya kamata a kai wa labari, ko a Kano yake ko a Osaka. In gobe wani yaro a Zariya ko Maraɗi ya yi gem ya sa wa jarumin rawani da alkyabba, ya zana ganuwa da kasuwa da majema, tambayar farko da zan yi masa ita ce in na riƙe wayar me zan riƙa dannawa, kuma in na mutu daga ina zan tashi.